Kwanar Gidan Inna

A garin Uranagi babu mai kiran jirgin nan da sunan da hukuma ta raɗa masa. Katantanwa muke ce masa, don mai keke in ya karya kumallo da kyau zai iya wuce shi. Tarago biyu ne a kan dogo guda ɗaya tal, an ɗaga shi sama bisa ginshiƙan kankare. Yana tashi daga babbar tasha, ya bi ta gindin tsohuwar fada, ya leƙa gidan zu, ya gangara gidan kifaye da kasuwar bakin teku, ya komo inda ya fito. Baƙi masu kyamara a wuya su ne mutanensa. Ɗan gari ba ya hawa sai in surukai sun zo daga nesa an rasa inda za a kai su.

Shigeto Kuramochi ya fi shekara talatin yana tuƙa wannan abu, kuma in ka ga yadda yake gyara hula kafin ya shiga sai ka rantse jirgin babban birni zai ja. Mutum ne mai tsare gida, ba ya wasa da aiki, farar safar hannunsa ba ta taɓa yin dauɗa ba. Ba shi da abin kunya a aikin nan sai guda ɗaya, shi ma ba wanda ya san yana damunsa. Tun yana sabon shiga rabonsa da ɗaga wa mahaifiyarsa hannu.

Tsakanin gidan zu da gidan kifaye akwai wata kwana mai tsauri, inda dogon ya matso jikin wani tsohon bene har fasinja kan gane wanda ya sayi sabon wando a gidan daga kayan shanya. A hawa na uku tsohuwa Kinue take, uwar Shigeto. Tun ranar da aka ɗauki ɗanta aiki, jirgi bai taɓa shawo kwanar nan ba tare da ta fito baranda tana ɗaga hannu ba. Ko ana ruwa sai ta fito. Maƙwabta sun yi mata tsiya har sun gaji.

To amma direban jirgi a ƙasar nan ba kallon fitila kawai yake yi ba. Sai ya miƙa yatsa ya nuna ta, ya kuma faɗa da ƙarfi abin da ya gani, ko da shi kaɗai ne a gaba. A daidai kwanar nan akwai fitila da allon rage gudu, duka a hagu. Barandar tsohuwa kuwa tana dama.

A watansa na farko, ɗoki ya ɗebe shi ya juya ya ɗaga mata hannu, har da washe baki. Ya manta Inuzuka, dattijon da ke koya masa tuƙi, yana tsaye a bayansa. Washegari da safe, da ma'aikata suka jeru kamar kullum, sai dattijon ya kira shi gaba, ya sa shi ya rusuna ya ba kowa haƙuri.

"Direban da ke ɗaga wa uwarsa hannu a kwana," in ji Inuzuka, "wata rana uwar wani zai sa kuka. Koma layi."

Maganar nan ta shige shi har ƙashi. Da yamma ya hau benen a fusace, ko takalmi bai jera daidai a bakin ƙofa ba.

"Inna, don girman komai ki daina fitowa. Kin ja an ci mini mutunci a gaban mutane."

Tana yanka kabeji a lokacin, ba ta ko ɗago ba. "Barandar kamfaninku ce?"

"Ba zan ƙara juyowa ba fa."

"Wa ya ce ka juyo? Kai yi aikinka, ni ma in yi nawa. Wanke hannu ka zo ka ci abinci."

Haka aka yi. Shi ya yi aikinsa, ita ta yi nata. Kullum in ya iso kwanar sai ya miƙa yatsa hagu ya ce, "Fitila kore, daidai! Rage gudu, daidai!" Ta gefen idonsa na dama kuma yana ganin wani abu fari yana motsi, har ya wuce.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Abin takaicin shi ne, wannan ɗan motsi na gefen ido ya zame masa ziyara. Ya yi aure, ya koma can bayan babbar tasha, kuma duk lokacin da matarsa ta ce ya kwana biyu bai je gida ba, amsarsa ɗaya ce.

"Ai na gan ta yau. Lafiyarta ƙalau, tana ta ɗaga hannu."

Da sabuwar shekara yakan je, da kuma lokacin zafi in an tashi share kaburbura. Ya zauna a kan gwiwoyinsa, ya sha shayi, ya dubi agogo, ya ce da sassafe yake da fita. Ƙanwarsa Yaeko ce ta dawo gidan bayan mijinta ya rasu, ita ke cefane, ita ke kai tsohuwa asibiti. Shi kuwa a ransa gani yake babu ɗan da ya kai shi kula, tunda wane ne ke ganin uwarsa safe da rana da yamma kamar shi?

Sai kamfanin da ya ƙera jirgin ya daina yin kayan gyaransa. Aka yi ta faci, a ciro daga wannan tarago a liƙa a wancan, har majalisar gari ta ce ya isa haka, ƙarshen watan Maris za a rufe. Nan da nan garin da bai taɓa hawa ba ya tuna yana son Katantanwa. Aka fara layi tun daga matakala.

Wata rana a ɗakin hutu, Shigeto na cin shinkafarsa da soyayyen kifi daga akwatin da matarsa ta haɗa masa, sai Gondo ya shigo. Gondo direba ne shi ma, gajere mai tumbi, bakinsa ba ya hutawa. Ya kira shi da "san" ɗin girmamawa da ake liƙa wa suna.

"Kuramochi-san, ni fa tsohuwarka nake tausayi. Wa za ta dinga ɗaga wa hannu? Tsuntsayen teku?"

Shigeto ya ci gaba da tauna.

"Zan yi kewarta, ba wasa ba. Shekara da shekaru muna gaisawa. Ina ga ma ta ɗauka ni ne ɗan nata, ta ce oh, yaron nan ya yi ƙiba."

Shigeto ya ajiye tsinken cin abinci. "Kuna gaisawa kamar yaya?"

"Kamar yadda mutane ke gaisawa mana. In nuna fitila, in faɗi abin da zan faɗa, in juya in ɗaga mata. Ai da sauran lokaci, Katantanwa ce fa, ba harsashi ba." Ya dube shi, dariyar ta fara janyewa daga fuskarsa. "Tsaya. Kai ba ka ɗaga mata?"

"Doka ta hana."

"Wace doka? Ta Inuzuka? Haba, mutumin da ya mutu tun 'yata tana firamare! Kowa na ɗaga mata, har yaran nan sababbi. Kai, kai, kai. Ashe duk tashar nan ɗanta ne kaɗai..."

Bai ƙarasa ba, ya ga abin da ke fuskar Shigeto, ya buɗe kwalbar shayinsa ya kama sha kamar mai jin ƙishin gaske.

Kunya ta kama Shigeto, irin wadda ta fi ta ranar da ya rusuna a gaban layi. Waccan an ɗora masa ce, wannan shi ya saya wa kansa. Ya tuna yadda ya yi ta alfahari a ransa da cewa ya fi kowa riƙe aiki, ashe abin da ya fi kowa shi ne taurin kai. Tun a ranar ya ƙudura zai ɗaga mata hannu kafin a rufe layin.

Kuma da ya yi a zagayen da ya biyo baya, da an wuce wurin. Amma hannun da ya shekara talatin yana bin hanya ɗaya ba ya sauya hanya don an ce masa. Yana isa kwanar yatsa ya miƙe hagu, baki ya faɗi abin da ya saba, wuya ya ƙi juyawa, kafin ya ankara ga gidan kifaye a gabansa. Washegari ma haka. Sai ya samo wa kansa dalili mai kyau, irin wanda masu jin nauyi ke samowa: tunda shi ne babba, shi aka ba zagayen ƙarshe, to bari ya ajiye abin sai ranar, ya zama kyauta. A ganinsa hakan ya fi armashi.

Ana gobe rufewa ya kira Yaeko a waya.

"Gobe da yamma ni zan ja na ƙarshe. Ki tabbata Inna tana baranda."

"Ka taɓa jin ranar da ba ta fito ba?" Ta sassauta murya. "Yaya, ka shigo mana yau. Akwai maganar da na daɗe ina so mu yi, ba ta waya ba ce."

"In an gama hidimar nan zan zo. Ana jirana yanzu."

"Kullum ana jiranka," ta ce, ta ajiye.

Ranar ƙarshe tasha ta cika maƙil. Ga masu son jiragen ƙasa da suka zo daga garuruwa masu nisa, kowa da tsaninsa da kyamara mai dogon hanci, ga tsofaffin da suka yi zance a cikin jirgin nan suna samari, ga 'yan makaranta da tutocin takarda. An rataya wa goshin jirgin allon ban kwana. Da lokaci ya yi, Ashida, matashin manajan da aka turo daga ofishin gari, ya shigo gaba ya tsaya a bayan kujerar direba da baƙar kwat da fure a ƙirji.

Shigeto ya saci kallonsa. Mutum a bayansa, a daidai wurin da Inuzuka ya tsaya.

"Kada na takura maka, Kuramochi-san," in ji Ashida. "An ce dole wani daga ofis ya raka."

"Ba komai."

Ya nuna ƙofofi, ya faɗa. Ya nuna fitila, ya faɗa. Katantanwa ta motsa da kukanta na kullum, jama'a na ihu suna cewa an gode, an gode, sai ka ce ba su ne suka bar ta tana yawo da kujeru wayam ba duk shekarun nan. Suka wuce gindin fada. A gidan zu ma'aikata sun jeru a kan dandamali suka rusuna gaba ɗaya. Shigeto bai ga ko ɗaya da kyau ba.

Ga kwanar nan ta taso.

"Fitila kore, daidai! Rage gudu, daidai!"

Ya rage gudun fiye da yadda allon ya nema, har jirgin ya koma kamar mai rarrafe. Sannan ya juya dama, da wuya da kafaɗa da komai, ya cire hula da hannu ɗaya ya ɗaga ta sama yana kaɗawa.

Tana nan. Rabon da ya dube ta daga nan tun gashinta baƙi. Yanzu ga wata 'yar tsohuwa ƙarama, kai fari fat, ta riƙe ƙarfen baranda da hannu ɗaya, ɗayan yana sama yana kai da komo a hankali. Yaeko na bayanta riƙe da gefen rigarta. Ya ga Yaeko ta rufe baki da tafin hannu. Tsohuwar kuwa ba ta sauya komai ba. Hannun bai ƙara sauri ba, bai tsaya ba, fuskarta tana kallon wajen taragon baya. Ya ci gaba da kaɗa hular har bangon bene na gaba ya shiga tsakaninsu.

Ya mayar da hula, ya kama sitiyarin gudu da hannu biyu. Ya ce a ransa mamaki ne ya kama ta. Wa zai zarge ta, bayan shekaru haka?

Ashida ya yi gyaran murya. "Ni dai teku nake kallo, Kuramochi-san. Ban ga komai ba."

A babbar tasha aka yi jawabai, dogaye kamar kullum. Wata yarinya ta miƙa masa damin furanni, kyamarori suka yi ta walƙiya. Gondo ya rungume shi yana sharɓar kuka, yana cewa a wuce shagon gasasshen kaza a yi ta ta ƙare. Shigeto ya ce su yi gaba zai same su. Da kayan aikinsa a jiki, da furannin a hannu, ya bi ƙarƙashin ginshiƙan da ƙafa, rana ba ta kai ga faɗuwa ba.

Matakalar benen ta ba shi wuya, sai da ya huta a hawa na biyu. Bai tuna tana da tsayi haka ba. Yaeko ta buɗe masa, idanunta ja. Yana cire takalmi ya lura da wata igiya da aka ɗaura a jikin bango daidai ƙugu, ta bi ta falo ta nufi ƙofar baranda. Ya ɗauka ta shanya ce.

Tsohuwa na zaune a kan matashi gaban ɗan gajeren teburin nan, ta ɗora hannuwa a kan cinya.

"Yaeko, wa ya shigo?"

"Ni ne, Inna."

"A'a! Shigeto? Yau ba sabuwar shekara ba, ba ranar kaburbura ba. Lafiya dai?"

"Lafiya lau." Ya durƙusa a gabanta ya ajiye furannin a kan tebur. Murna ta hana shi bin gaisuwa daki-daki, ya zama kamar yaron da ya dawo da sakamako mai kyau. "Inna, kin gan ni?"

"Ka sauke mutane lafiya?"

"Na ɗaga miki hannu. Har hula na cire. Kin gani?"

Yatsunta suka motsa a kan cinya.

"Na gani mana," ta ce. "Ka yi kyau ƙwarai. Na gani."

Tana murmushi tana faɗa, amma ba shi take kallo ba. Fuskarta na fuskantar wajen kabad, can gefen kafaɗarsa. Ta shaƙi iska ta ce, "Wa ya zo da fure? Ƙamshi nake ji." Furannin kuwa suna gabanta, in ta miƙa hannu za ta taɓa su.

"Yaya, zo ka kama mini wani abu a kicin," in ji Yaeko.

Ya bi ta kamar wanda aka ja da igiya. Ta kunna famfo don kada muryarsu ta fita.

"Tun yaushe?" ya ce.

"Idonta na hagu ya daɗe da tafiya. Na dama tun bara waccan. Haske da duhu kawai take bambancewa."

"Da sabuwar shekara fa? Ita ta zuba mini shayi!"

"Ni na zuba, na sa mata a hannu ta miƙa maka. Agogo kake kallo."

Ya dafa bakin wurin wanke-wanke. "Me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

"Ta hana. Wai in ka sani hankalinka zai rabu biyu a kwana, ka kashe 'ya'yan mutane. Jiya na ce ka zo, ka ce ana jiranka." Ta goge ido da bayan hannu. "Ƙarar take ji tun jirgi na gidan zu, sai ta kama igiyar nan ta fita. Kowanne ya zo ɗaga masa take yi. Na ce Inna, yau fa Yaya ba ya aiki, yana hutu. Ta ce wa ya sani ko an canja masa."

"Ke da kika ga na ɗaga hula, ba ki gaya mata ba?"

"Na buɗe baki kuka ya zo mini. Kafin in iya magana ka wuce." Ta kashe famfon, ta sake kunnawa. "Da hon ka danna mata, Yaya. Sau ɗaya tak. Da ta ji."

Hon ɗin yana ƙarƙashin ƙafarsa ta hagu. Shekara talatin yana nan. Baƙin ciki ya cika masa ƙirji, kuma ya san ba shi da wanda zai ɗora wa, ba Inuzuka ba, ba Yaeko ba, ba majalisar gari ba.

Ya koma falo ya durƙusa inda ya tashi. Tsohuwa ta lalubo furannin tana shafa su ɗaya bayan ɗaya, tana ba da labarin ranar da aka buɗe layin, yadda aka saki balan-balan, yadda maƙwabciyarsu ta ƙasa ta rantse abin zai faɗo mata a kan rufi. Tana yi tana dariya.

Shigeto ya ɗaga hannunsa na dama, da farar safar a jiki, ya kai shi daidai fuskarta. Ya kaɗa shi a hankali, hagu da dama. Ta ci gaba da labarin maƙwabciya. Ya ƙara matsowa ya sake kaɗawa, har iskar ta motsa gashin goshinta. Ta kai hannu ta gyara gashin.

Can ta tsaya da magana, ta karkata kai tana sauraro.

"Shigeto? Na ji shiru. Yaeko, ya tafi ne?"

"Ban tafi ba, Inna," ya ce. "Ina nan."

"To," ta ce. "In ana jiranka ka je, kada ka makara."